Tsintacciyar Ƙwallo: Tarihin Cinikin Tsofaffin Ƙwallayen Golf

A shekarar 1848, a garin St Andrews da ke bakin tekun gabashin Sikotilan, wani mai sana'a ya shiga sayen tsintattun ƙwallayen golf da kuɗin aljihunsa yana ƙonawa. Sunansa Allan Robertson. Shi ne gwanin gwanayen wasan a zamaninsa, kuma ɗinkin ƙwallo gado ne a gidansu tun kaka da kakanni. Masu tarihin wasan suna ba da labarin cewa ya yi wa yaran da ke ɗaukar wa manya sandunan wasa alkawarin lada: duk wanda ya tsinci wata baƙuwar ƙwallo mai tauri a cikin ƙayar da ta kewaye filin, ya kawo masa. In an kawo sai ya biya, ya jefa ta wuta. Ya hango abin da ke tafe. Ya san in wannan ƙwallo ta zauna da gindinta, abincin gidansu ya ƙare.

Ba za a gane tsoron Robertson ba sai an san irin ƙwallon da yake ɗinkawa. Aikin dukanci ne sosai. Za a yanka fatar sa gida uku, a jiƙa ta, a ɗinke da zare mai kaki, a bar 'yar ƙofa, sannan a juya ɗinkin ya koma ciki. Daga nan sai a dafa gashin dinya, kimanin abin da zai cika doguwar hular nan ta Turawa, a riƙa cusa shi ta ƙofar da wani ƙarfe da mai aikin ke tokarawa a ƙirji yana dannawa da nauyin jikinsa. Fata in ta bushe tsukewa take yi, gashi kuwa in ya bushe buɗewa yake yi, to wannan takurar ce ke ba ƙwallon tauri. A shafa mata farin fenti, a buga mata sunan mai ɗinkin. Komai gwanintar mutum bai wuce ya gama 3 ko 4 a yini ba. Shagon Robertson, shi da ma'aikatansa, ya fitar da ƙwallo 2,456 a shekarar 1844, kuma a lokacin wannan adadi abin a jinjina ne.

Abin da ya ci irin wannan wahala dole ya yi tsada. Ƙwallo ɗaya takan kai sule 2 zuwa sule 5, sau da yawa ta fi sandar da za a buge ta da ita kuɗi. Ga ta kuma da raki. In ta sha ruwa sai ta yi nauyi ta saki jiki, in bakin sandar ƙarfe ya sare ta a kan ɗinki sai ta fashe gashi ya watse. A ƙasar da ruwan sama ba ya sallama, mai wasa ba ya fita da ƙwaya ɗaya a aljihu.

Tsadar ta daɗe da isa kunnen hukuma. A 1618 Sarki James na 6 na Sikotilan, wanda a lokacin shi ke riƙe da sarautar Ingila ma, ya ba wani James Melvill ikon yin ƙwallon golf da sayar da ita shi kaɗai har shekara 21. Hujjar sarkin ita ce zinariya da azurfa masu yawa suna fita daga ƙasar zuwa Holan wajen sayen ƙwallaye, sharaɗinsa kuma kada a sayar da ko ɗaya fiye da sule 4 na kuɗin Sikotilan. A 1637 an rataye wani yaro a garin Banff saboda sata, kuma cikin kayan da aka lissafa masa har da ƙwallayen golf biyu. Da 'yan wasan Leith suka rubuta dokokin wasan na farko, guda 13, a 1744, ba su manta da ɓatacciyar ƙwallo ba: wanda tasa ta ɓace sai ya koma inda ya yi bugun ƙarshe, ya ajiye wata, a ci shi tarar bugu ɗaya. Tara kan tara ke nan, domin ta aljihu ta riga ta hau kansa. Shi ya sa masu hali kan tura yaro can gaba ya tsaya ya zuba ido inda ƙwallo za ta faɗi. Mai ƙaramin ƙarfi da ke sha'awar wasan kuwa, hanyarsa ita ce abin da ya kuɓuce wa masu hali ko abin da suka gaji da shi.

Baƙuwar da ta tayar wa Robertson hankali daga danƙon wata bishiya ta yankin Malesiya aka yi ta, danƙon da ake kira gutta-percha. Shi ne aka riƙa naɗe wayoyin tangaraho na ƙarƙashin teku da shi, kuma har yau likitocin haƙori suna cike jijiyar haƙori da shi. Halinsa shi ne in ya ji ruwan zafi sai ya yi laushi a murza shi yadda ake so, in ya huce ya sandare. Akan danganta fara yin ƙwallo da shi ga wani ɗan St Andrews mai suna Robert Paterson, wanda daga baya ya zama limamin coci. Ƙwallon danƙo ba ta tsoron ruwa, mutum ɗaya yana iya yin da dama a yini, kuɗinta kuma bai wuce kimanin sule 1 ba.

A kanta ne Robertson ya ɓata da babban yaronsa, Tom Morris. Wata rana Morris yana wasa, ƙwallayensa na gashi suka ƙare, abokin wasansa ya miƙa masa ta danƙo, sai ga maigidan nasa ya gan shi da ita. Nan aka raba gari. Morris ya bar shagon, a 1851 ya koma Prestwick ya zama mai kula da filin da aka fara gasar Open a cikinsa a 1860, gasar da shi kansa ya ci sau 4. Robertson bai daɗe yana jayayya da zamani ba. Shi ma ya koma murza danƙo, kuma da ƙwallon danƙon ce a 1858 ya kewaye tsohon filin St Andrews da bugu 79, ya zama mutum na farko da ya sauko ƙasa da 80 a wurin.

A nan ne tsohuwar ƙwallo ta yi abin da ya kamata duk mai raina ta ya sani. Ƙwallayen danƙo na farko sumul suke fitowa, ba gurzuwa ba tabo. In an buga sabuwa sai ta tashi kaɗan ta dunguro ƙasa tun ba ta yi nisa ba. Sannu a hankali 'yan wasa suka lura cewa wadda ta sha sara, jikinta duk tabon ƙarfe, ita ke tashi sama ta miƙe ta yi nisa. Wasu har sukan ba yaran sandunansu sabuwar ƙwallo su yi ta dukanta kafin su karɓa su yi wasa da ita. Da masu sana'ar suka fahimci haka, sai suka ɗauki guduma mai kaifin baki suna sassara jikin kowace sabuwar ƙwallo da gangan, layi bisa layi. Daga baya aka ƙera mazubin ƙarfe mai zane a ciki, aka yi yayin zanen ƙananan ƙuraje da suka tuttuɗo waje. A shekarun 1890 wani shehin malamin kimiyya na Jami'ar Edinburgh, Peter Guthrie Tait, ya yi bayanin yadda juyawar ƙwallo da baya ke ɗaga ta cikin iska. A 1905 kuma William Taylor, injiniya mai yin gilashin kyamara a Leicester, ya nemi rajistar mallakar zanen 'yan ramukan nan da ke jikin ƙwallon golf, bayan ya yi ta hura hayaƙi a kan zane iri-iri yana kallon yadda iska ke bin su.

Dalilin abin shi ne gurzajjen jiki yana dama siririyar iskar da ke manne da ƙwallo, sai iskar ta ƙara bin bayanta kafin ta rabu da ita, jan da ke riƙe ƙwallon ya ragu. Ƙwallon yau tana ɗauke da ramuka wajen 300 zuwa 400, kuma da za a shafe su da ƙyar za ta ci rabin tazarar da take ci. Kowane ɗaya daga cikinsu jikan tabon da ke jikin tsohuwar ƙwallon danƙo ne.

Danƙo ya kuma buɗe kasuwar gyara. Ƙwallon da ta lotse ko ta tsage, a tsoma ta ruwan zafi, a mayar da ita mazubi, a sake fenti, ta koma fili. Masu shago sun riƙa karɓar tsofaffi suna sake zubawa suna sayarwa da rahusa, an kuma sayar da ƙananan mazubai ga mai son ya yi abinsa a gida. A lokacin sanyi ƙwallon takan dare gida biyu, har aka yi dokar cewa mai ita ya ajiye wata a inda babban ɓarin ya faɗi. Arahar ƙwallo da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya iso St Andrews a 1852, su ne suka fitar da golf daga hannun 'yan tsirarun masu kuɗi suka baza shi Ingila da sauran duniya.

Zamanin danƙo ya yi shekara 50. A 1899 Coburn Haskell na Cleveland da Bertram Work na kamfanin roba na B.F. Goodrich da ke Akron, a jihar Ohio ta Amurka, suka sami rajistar wata ƙwallo da ake naɗa dogon zaren roba a miƙe a kan 'yar ƙwaya, sannan a rufe da ɓawo. Walter Travis ya ci gasar masu wasan sha'awa ta Amurka da ita a 1901, Sandy Herd ya ci gasar Open da ita a Hoylake a 1902, maganar ta ƙare. Sabuwar ƙwallon ta fi nisa, ta fi daɗin bugu, amma ba a narkar da ita a tukunyar gida. Da aka koma rufe ta da balata, wani danƙo mai laushi daga bishiyoyin Amurka ta Kudu da yankin Karibiyan, sai ta zama bugu ɗaya na ɗan koyo ya isa ya yi mata yanka. In mai yanka ta faɗa kududdufi, ruwa ya shiga, zaren ya saki, ta mutu murus. Daga wannan zamani ne aka gaji ƙyamar ƙwallon da aka tsamo daga ruwa, kuma a lokacin masu ƙyamar suna da gaskiya. Tsintacciyar mage ba ta mage.

Duk da haka akwai shekarun da ba a da wata sai ita. Da Japan ta mamaye yankin Malesiya da tsibiran da ke kewaye a farkon 1942, mafi yawan robar duniya ta fita daga hannun Amurka da Birtaniya. Aka dakatar da yin sababbin ƙwallaye, aka karkata robar da ta rage ga tayoyi da kayan yaƙi. Kamfanin Acushnet, mai ƙwallon Titleist, ya koma yin takunkumin kare sojoji daga iska mai guba. 'Yan wasa suka riƙa tara tsofaffin ƙwallayensu suna miƙawa a sake musu ɓawo, ƙungiyoyi suka riƙa yashe kududdufansu. Har aka gama yaƙin, da tsofaffin ƙwallaye aka riƙe wasan.

Abin da ya haifi cinikin yadda yake a yau ya zo ne a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin DuPont ya fito da wata roba mai taurin kai da ake kira Surlyn, aka fara rufe ƙwallaye da ita, kamfanin Spalding kuma ya fito da ƙwallo mai dunƙulalliyar ƙwaya ba zare, wadda ta yi suna da Top-Flite. Irin wannan ba ta yankuwa da sauƙi, ruwa kuma ba ya ratsa ta da wuri. Yawancin ƙwararru sun ci gaba da riƙe mai zare har watan Oktoban 2000, lokacin da Titleist ya kawo dunƙulalliyar ƙwallonsa, Pro V1, wata gasa a Las Vegas. 'Yan wasa 47 suka karɓe ta a makon, ɗaya daga cikinsu, Billy Andrade, ya ci gasar, kuma cikin ɗan lokaci mai zare ta zama tarihi. Tun daga nan ƙwallon golf ta daina mutuwa a hannun mai ita. Ɓacewa take yi tun tana da sauran ƙarfinta, sau da yawa ma a bugunta na farko ko na biyu.

Kuma tana ɓacewa da yawa. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne ƙwallo miliyan 300 a shekara a Amurka kaɗai. Masu zana filayen zamani sun ƙara wa abin gishiri, domin sun mayar da tafki ado da tarko a lokaci guda. Mafi shahara shi ne rami na 17 a filin TPC Sawgrass da ke Fulorida, wanda Pete Dye ya zana, matarsa Alice ta ba da shawarar a kewaye shi da ruwa. Tazarar kimanin yadi 137 ce kawai, amma ramin yana kan ɗan tsibiri, in ƙwallo ta kauce sai ruwa. A gasar Players ta 2007 da aka yi a filin, ƙwararrun duniya da kansu sun zuba ƙwallo 50 a ruwan a ranar farko, 93 kafin a tashi gasar. Na sauran jama'a da ke biyan kuɗi su gwada sa'arsu, ana ƙiyasta ya haura 100,000 a shekara.

Masu tsamo su mutane ne da ba a cika gani ba. Kamfani kan ƙulla yarjejeniya da masu fili, ya biya su wani abu a kan kowace ƙwallo ko ya ba su kaso daga abin da aka samu, sannan ya tura masu nutso da tukunyar iska a baya da ragar buhu a wuya. Ƙasan tafkin laka ce, da an taɓa ta ruwan ya turnuƙe, don haka da lalube ake aikin, hannu ne ido. Buhu in ya cika yakan yi nauyin da zai riƙe mutum a ƙasa. Ruwan yana ɗauke da takin zamani da maganin ciyawa da suka gangaro daga filin, a Fulorida kuma ga kada ga macizai. An sha rasa rayuka a wannan aiki. Ladansa 'yan santi ne a kan kowace ƙwallo, sai an tara dubbai a yini kafin a ce an yi ciniki. A inda ƙasan tafki ke shimfiɗe akan ja wani abin birgima mai fayafayai da igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, ƙwallaye su maƙale a tsakanin fayafayan.

To wa ke da ɓatacciyar ƙwallo? Mai karatun fiƙihu zai tuna babin tsintuwa, inda ake cigiyar abu mai daraja shekara guda, abin da bai taka kara ya karya ba kuma a bar wa wanda ya tsinta. Kotunan Ingila ta wata fuskar suka dubi abin. A 1948, a shari'ar da ta taso daga filin Reddish Vale kusa da Manchester, an tabbatar da laifin sata a kan wani mutum da ya shiga filin ba izini ya tsinci ƙwallo 8, bisa hujjar cewa ko mai ƙwallo ya haƙura da ita, ƙungiyar da ke da filin ce ke da iko da abin da ke cikinsa. A 2001 'yan sanda suka kama mutum biyu da dare a filin Whetstone da ke Leicestershire, sanye da kayan nutso, da ƙwallo 1,158 da suka tsamo daga kududdufi. Ɗayansu ya shaida wa kotu cewa sana'arsa ke nan shekara da shekaru, har haraji yake biya a kanta. A 2002 aka ɗaure shi wata 6. Jama'a suka yi ca, kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi bayan 'yan kwanaki, amma ba ta wanke shi daga laifin ba. Hukuncin ɗaurin ya yi tsanani ga mutumin da ke kwashe abin da kowa ya juya wa baya, sai dai ya nuna cewa lakar ƙasan kududdufi ta zama dukiya.

Abin da aka tsamo yakan bi ɗayan hanya biyu, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Hanya ta farko wanki ne kawai: a jiƙa, a wanke, a shanya, ma'aikata su zauna su ware da hannu bisa suna da samfuri da lafiyar jiki. Mafi kyau akan ba ta harafin A guda biyar, ita ce wadda ba a bambanta ta da sabuwa sai dai wataƙila ɗigon alƙalamin mai ita na farko. Mai A huɗu tana da ɗan gurzuwa ko tambarin wani kamfani, mai A uku ta ga duniya. Babu wata hukuma da ke sa ido a kan wannan rabo, kowane ɗan kasuwa da ma'auninsa. Hanya ta biyu ita ce kwaskwarima: a kankare fentin da ke jikin ƙwallon da ta ƙoɗe, a fesa sabo, a sake buga mata sunan kamfanin asali, a shafa mai sheƙi. Ta fi ɗaukar ido a cikin kwali, amma ita ce abar tsoro. Kankara tana cin bakin ramuka, fenti yana cike su ba daidai ba, kuma ba mai iya sanin shekarunta ko abin da aka rufe. Zurfin ramukan nan bai kai kaurin farce ba, ɗan canji kaɗan ya isa ya sauya tashin ƙwallo.

A kan wannan kwaskwarima Acushnet ya yi shari'a da kamfanin Nitro Leisure Products na Fulorida, yana cewa ana buga sunan Titleist a kan abin da ba shi ya gama shi ba. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta ƙi dakatar da cinikin, tunda an rubuta a jikin ƙwallon da kwalinta cewa tsohuwa ce aka gyara. Shekara 15 bayan haka, a 2018, Acushnet ɗin ya sayi mafi yawan hannun jarin PG Professional Golf na Teksas, ɗaya daga cikin manyan masu tsamo ƙwallaye da sayar da su. Wanda ke yin sabuwa ya ga cewa kasuwar tsohuwa ba za ta tafi ko'ina ba, gara ya kafa rumfa a cikinta.

Ga mai wasan sha'awa, lissafin bai da wuya. A 2024 dozin ɗin Pro V1 sabuwa ya kai wajen dala 55 a Amurka, wankakkiya mai daraja ta farko ko ta biyu kuwa akan same ta kusan rabin haka, samfuran da ba su kai ta suna ba ma ƙasa da haka sosai. Gwaje-gwajen shekarun 1990 sun nuna ƙwallon da ta yi watanni a ruwa tana rasa yadi da dama, musamman mai zare. Na baya-bayan nan a kan dunƙulalliyar ƙwallo sun nuna bambancin kaɗan ne, ko da yake wasunsu 'yan kasuwar ne suka ɗauki nauyinsu, don haka a karɓe su da taka-tsantsan. Amma ko an ɗauka ta rasa yadi 3 ko 4, mutumin da bugunsa na yanzu da na anjima ke bambanta da yadi 20 ko 30 ba zai taɓa ji a hannunsa ba. Abin da zai ji shi ne sakin jiki. Wanda ya tsaya gaban tafki yana tunanin kuɗin ƙwallonsa, kafaɗarsa kan ƙage, kuma ƙagaggiyar kafaɗa ita ke kai ƙwallo ruwa. A ganin mai wannan rubutu, ɗan koyo da matsakaicin ɗan wasa da ke zubar da ƙwallo biyu ko uku duk fita ba su da dalilin sayen sabuwa mai tsada.

Sharaɗin shi ne a sayi wankakkiya, a bar mai kwaskwarima. A sayi samfuri ɗaya maimakon buhun gauraye, domin kowace iri da yadda take tsayawa kusa da rami, hannu kuma ba ya koyon abin da ke canzawa kullum. A ajiye mai tsaga da mai gurzuwa a gefe ɗaya don atisaye: tabon da ya taimaki ƙwallon danƙo mai sulɓi, a jikin ta yau ɓata daidaiton ramuka yake yi ya karkatar da ita. Wadda ta yi rawaya ko ɓawonta ya dushe ta daɗe a ruwa ko a rana. Mai shakka yana iya sakin ta tare da sabuwa daga tsayin kafaɗa a kan siminti, ya dubi tashinsu ya saurari ƙararsu. Dokar wasa ba ta hana tsohuwar ƙwallo ba, muddin nauyinta bai wuce giram 45.93 ba, faɗinta kuma bai gaza milimita 42.67 ba. Manyan gasanni da ke aiki da jerin ƙwallayen da aka amince da su ne kaɗai ke rufe ƙofa ga mai kwaskwarima. Wanda ya kai matsayin shiga irin waɗannan, wanda yadi 2 ke raba shi da kofi, shi ne sabuwa ta zama masa dole.

A Nijeriya maganar ta fi nauyi, domin kowace ƙwallo daga waje take zuwa, da dala ake sayo ta. A filin Rayfield na Jos da Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913, da filayen Kano da Kaduna da Abuja, yaran da ke ɗaukar jaka su ne suka san inda ƙwallo ke ɓuya, kuma daga hannunsu sabon shiga yakan sayi na farkonsa. Busasshiyar ƙasar rani tana cin ɓawon ƙwallo da sauri, ba wurin ɓarnatar da mai tsada ba ne. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na ƙasar daga ɗaukar jaka suka taso, da tsintattun ƙwallaye suka koyi bugu.

Wadda ba a tsamo ba kuma tana nan inda ta faɗi. A 2016 wata 'yar makarantar sakandare a Kalifoniya, Alex Weber, tana nutso da mahaifinta a gaɓar Carmel, kusa da shahararren filin Pebble Beach, ta tarar da ƙasan teku fari fat da ƙwallaye. Suka shiga kwasa. Daga baya Matthew Savoca, mai bincike a Jami'ar Stanford, ya haɗa hannu da ita, suka wallafa sakamakon a mujallar Marine Pollution Bulletin a 2019. Ƙwallayen da su da masu taya su suka fitar sun haura 50,000, nauyinsu kusan tan biyu da rabi. Da yawa igiyar ruwa ta goge su a kan duwatsu har ɓawon ya cinye, ɓarɓashin roba ya shiga ruwan da kifi ke kiwo a ciki. Duk ƙwallon da ta koma jakar wani ɗan wasa, an rage ɗaya daga irin wannan tari.

Akwai sauyi a gaba da zai taɓa cinikin kai tsaye. A watan Disambar 2023 hukumomi biyu da ke riƙe da dokokin wasan, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, suka sanar cewa za su tsaurara gwajin ƙwallo don rage nisan da take ci. Bisa jadawalin da suka sanar a lokacin, sabon gwajin zai fara aiki a Janairun 2028, masu wasan sha'awa kuma za su ci gaba da amfani da tsofaffin samfura har Janairun 2030. Sun ƙiyasta masu dogon bugu cikin ƙwararru za su rasa yadi 13 zuwa 15, mai wasan sha'awa yadi 5 ko ƙasa da haka. Ƙwallayen da ke kwance yanzu a tafkunan Fulorida da kududdufan Ingila duk a kan tsohon ma'auni aka yi su, kuma masu nutso za su ci gaba da tsamo su shekaru bayan wa'adin ya cika. Masu warewa a rumbunan Teksas za su ƙara wani aiki a kan duba tabo da gurzuwa: tantance shekarar da aka yi kowace ƙwallo.